Shekarar da Baba Ya Kai Ni Gaban Alƙali

Na san ba za ku yarda ba, kuma ban ga laifinku ba, don ni na saba muku da ƙarya tun kuna goye. Ni na ce muku na taɓa shan rake a Kurni wanda sai da na huta sau biyu kafin in kai ƙarshen gaɓa ɗaya. Ni na ce muku sauron Ɗan Barto sai ya yi sallama ya tambayi iyali kafin ya ciji mutum. To, wannan karon ku ajiye dariya, ku kawo Alƙur'ani in dafa. Ubana, kakanku, ya taɓa kai ni ƙara gaban alƙali a nan Matameye. Ban yi sata ba, ban fasa wa kowa kai ba, ban leƙa katangar kowa ba. Ya kai ni ƙara ne don na ƙi cin tuwonsa. Wanda ke shakka ya je ya tambayi gwaggonku Hajo, ƙanwata, amma ya yi hattara, don ita ce ta kifar da labarin tana bin gidajen biki tana cewa wai ni na kai shi. Ni, Illa, in kai ubana ƙara? Bakina ne goma kamar yadda mutanen gari ke faɗi, amma ko ɗaya a ciki bai taɓa yin wannan ba.

Kai ka sa na tono zancen, Salisu. Da kakar nan na aika maka buhun gero Yamai kamar yadda na saba, sai ga direban da na ba ya dawo da shi, ya sauke a ƙofar gida yana sunkuyar da kai kamar wanda ya kawo gawa. Wai ka ce a gaya mini yanzu ka girma, kana da albashi, in riƙe hatsina. Uwarku ta zaci zan yi faɗa. Ban yi ba. Zama na yi a kan buhun ina dariya har ta ce ko a kira malami ya yi mini tofi. Ita ta san abin da nake wa dariya, don da ita aka yi. Ku ne ba ku sani ba.

A zamaninmu ɗa namiji ba ya fita daga hannun ubansa don ya yi gemu. Yana nan cikin gandu, wato gonar gida, yana noma wa uban tun safe har azahar, yawancin kwanakin mako. Sauran kwanakin nasa ne, ya je ya noma gamanarsa, ɗan fegin da uban ya yankar masa. Abin da ya fito daga gamana na ɗa ne shi kaɗai, uba ba ya taɓa ko zangarniya ɗaya, ko da yunwa za ta kashe shi. Shi kuma uba akwai abin da ke wuyansa, kuma Baba ya san su kamar Fatiha. In ya zauna a zaure da maraice yana gyaran ƙotar hauya, sai ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu, yana gaya wa bango, don ni ba ya kallona in yana magana.

“Abu biyar ne a kan uba. Ci. Lanho. Sutura. Gamana.”

Lanho shi ne kuɗin kai da Nasara ke karɓa kowace shekara. In ya lanƙwashe huɗun nan sai babban yatsa ya rage a tsaye. Sai ya daɗe yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa.

“Sai auren fari. Wanda ya yi biyar ɗin nan, ya kwanta cikin kabarinsa ya miƙe ƙafa.”

Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji, sauran duk mata. Kun san ɗan fari da alkunya. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Daga “kai” sai “wancan”, in ransa ya yi fari ƙwarai ya ce “yaron nan”. Inna kuwa ta fi shi. Ita ba ta yi mini magana gaba da gaba sam, sai dai ta gaya wa kajinta. Ina tsaye a tsakar gida za ta watsa musu tsaki ta ce, “Ku kajin nan, ku gaya wa mai dogon wuya tuwonsa na hucewa.” In na yi laifi, kajin ke shan zagi. Akwai wata kaza wake-wake da ta sha zagina har ta daina ƙwai. A bakin kajin nan na ji tarihin Baba. Ashe ubansa ya rasu yana saurayi, babu wanda ya yi masa ko ɗaya cikin biyar ɗin. Ƙodago ya yi a gonakin mutane har ya tara abin auren Inna, ranar ɗaurin aure shi ya ɗauko goronsa da kansa a ka, mutane na kallo. Tun ranar ya yi rantsuwa ɗansa ba zai ɗauki goron kansa ba.

Saboda haka tun gemuna bai fito ba ya sayo wani maraƙi ja mai farin goshi, ya ɗaure shi a bayan gida. Ba a gaya mini na mene ne ba, amma duk gari ya sani. Ni na raɗa masa suna Sadaki. Harawa, dusa, kanwa, ruwa mai sanyi, har da susa a wuya. Wallahi san nan ya fi ni jin daɗin gidan ubana. Ni “wancan” ne, shi kuwa Baba na ce masa “ɗan albarka”. In na wuce sai in ce masa, “Sadaki, ci da kyau, Ladi ba ta son ramamme.” Ladi ita ce uwarku, lokacin tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa, tana da wushirya da baki mai kaifi. Wushiryar ta tafi, bakin yana nan.

Sai shekarar da gyaɗa ta haukata gari. Ku ba ku ga wannan ba. Buhuna aka jibge a bakin sikeli har sun fi masallacin Juma'a tsawo, mutum ya hau sama ya hango Kano in idonsa na da kyau. Manyan motoci, kamiyo, suna shigowa suna gurnani, tsofaffi na tofa addu'a, mu samari muna bin su da gudu muna shaƙar hayaƙi kamar turare. Na je dako don in sami na goro. Ina ɗaukar buhu ina zuba surutu, sai wani direba, Barma, Babarbaren Damagaram mai tsage a fuska da haƙorin makka, ya kira ni.

“Kai, mai bakin nan. Bakinka yana gajiya?”

“Maigida, ko barci nake yana aiki.”

“To hau. Ni barci ke damuna a hanya. Ka hana ni barci, in koya maka mota.”

Haka na zama aparanti, yaron mota. Aikina in murɗa ƙarfen gaba har inji ya tashi, in ɗebo ruwa, in diro da gudu in sa gungume a bayan taya in mun tsaya a hawa, in kuma yi ta ba Barma labarin ƙarya kada ya kai mu rami. Ranar da na fara hawa saman lodi, iska na dukan fuskata, Matameye na ƙanƙancewa a baya, na ce a raina, an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma ai ba a ce ko ya hau kamiyo ba.

Daga nan na fara lanƙwashe wa Baba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ci ne na farko. Kada ku ɗauka raini ne kawai. Akwai ƙa'ida: wanda ya ci tuwon gandu da maraice, gari na wayewa hauya ke jiransa. In na sa hannu a akushin nan, na amsa ke nan ni ɗan gandu ne. Don haka in mun kwana a gari sai in cika cikina da burodi da sardin a tasha, in shigo gida ina sakace. Inna ta ajiye akushi a zaure ta gaya wa kaji, ni kuma in ce wa kajin na ƙoshi. Da mai unguwa ya zo karɓar lanho, Baba na kwance bakin zaninsa zai biya na mutanen gidansa, sai na miƙa nawa daga aljihu a gaban jama'a. Mai unguwa ya kalli Baba. Baba ya kalli ƙasa. Da ƙaramar Salla ta zo ya ba da aka ɗinka mini riga ta saƙi, fara sol, Hajo ta kawo mini a kan faifai. Ni kuwa na riga na sayo wandon kaki a Kano da baƙin tabarau. Da su na je Idi. Ba na ganin komai a cikin tabaran nan, har na yi karo da jaki na ba shi haƙuri, amma ban cire ba. Sai ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, gamanata da ke bakin hanyar Ɗan Barto tana nan kwance ko sassabe ban yi mata ba. Huɗu sun tafi.

Na biyar ɗin, Hajo na aika. Na ce ta gaya masa ya sayar da Sadaki ya sayi jaki ya huta da ɗaukar kaya, aurena ni zan yi abina da gumina. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Gani nake sauƙi na kawo wa tsoho. Hajo ta ce tashi kawai ya yi ya zagaya bayan gida ya daɗe yana susar wuyan san.

Ran kasuwa ina ƙarƙashin mota, baƙin mai har kunne, sai na ga ƙafafun dogari.

“Illa, alƙali na kira.”

“Ni? Wa na kashe?”

“In ka je ka ji.”

Kafin in isa zauren alƙali rabin kasuwa ta riga ni. Masu goro sun bar goro, mahauta sun bar ƙuda na gadin nama. Na shiga na durƙusa, sai na ga Baba zaune a gefe cikin rigarsa ta Juma'a, ya ajiye takalmansa a gabansa. Alƙalin tsoho ne mai farin gemu, shi ne ma ya raɗa mini suna ranar bakwai, kafin a ba shi alƙalanci.

“Mati, me ke tafe da kai?”

“Allah gafarta Malam, ƙara na kawo.”

“Ƙarar wa?”

Baba ya dubi takalmansa. Ya gyara takalmi ɗaya, ya gyara ɗayan.

“Ta yaron gidana.”

“Yaron gidanka ba shi da suna?”

“Malam ya san shi. Ai kai ka raɗa masa.”

Mutane suka kwashe da dariya, dogari ya tsawata. Alƙali ya ce, “To, me ya ɗaukar maka?”

“Bai ɗauki komai ba, Allah gafarta Malam. Ita ce ƙarar.”

Sai ya ɗaga hannu, ya lissafa su kamar yadda yake yi a zaure. Na ba shi ci, ya ƙi. Zan biya masa lanho, ya riga ni. Na ɗinka masa riga, tana nan a ninke. Na yanka masa gamana, ciyawa ta cinye. Yanzu ya aiko wai in sayar da san aurensa in sayi jaki. Ya ce shi abin da yake so, Malam ya tilasta wa yaron nan ya karɓi haƙƙinsa. Alƙali ya juyo kaina.

“Illa, ka ji. Me ka ce?”

Ku kun san ni, in na ga taro bakina ƙaiƙayi yake.

“Allah gafarta Malam, ni dai na saba jin ana kai ɗa ƙara don ya cinye gida. Ban taɓa jin an kai shi don ya bar wa gida abinci ba. In ƙin cin tuwo laifi ne, a haɗa ni da duk masu azumi a ɗaure.”

Zaure ya ɗauka da dariya. Har alƙali sai da ya rufe baki da hannun riga.

“Ka balaga?”

“Gemun nan ba aro na yi ba.”

“Kana da hankali?”

“Ana gardama a gari, amma ni ina ganin da saura.”

“Lafiyar jiki fa?”

“Buhu biyu nake ɗauka, Malam, in Ladi na kallo uku.”

Alƙali ya bari dariya ta lafa. Sannan ya juya wajen Baba, ya sassauta murya, don ya san shi tun suna yara. Ya ce a shari'a, ɗa namiji in ya balaga, yana da hankali da lafiya, yana iya nema, to ciyar da shi ta faɗi daga wuyan ubansa. Ya ce gandu al'ada ce mai kyau, iyaye da kakanni sun rayu a kanta, amma da yarda ake zamanta, ba a ɗaure mutum da igiya a ciki. Kyauta kuma ba a cusa wa mutum ita a baki.

“Mati, ka gode wa Allah. Wasu iyayen kuka suke zuwa yi mini a nan, ƴaƴa sun yi gemu suna kwance sai ci. Kai naka ya tashi. Daga yau babu nauyinsa a kanka, an sauke maka.”

Baba ya ɗago kai.

“Allah gafarta Malam, wa ya ce maka ina son a sauke?”

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya ɗauki takalmansa a hannu, ya ratsa mutane ya fita. Ni ɗan dako ne, na san yadda mutum ke tafiya in ya daɗe da kaya a ka aka sauke masa ba shiri: wuya ya rasa yadda zai tsaya, ƙafa na neman nauyin da babu. Haka Baba ya bi layin masu tukwane har ya ɓace mini. Samari suka ɗaga ni sama wai na ci shari'a. Ladi kuwa da na je sayen ƙosai, ta zuba mini ba ta sa yaji ba. Daga ranar mutanen gari suka sa wa Baba suna Mati Mai Sa.

Na bi hanya. Kano, Damagaram, Maraɗi, har Agadas inda rana ke dafa ƙwai tun yana cikin kaza. Na koyi tuƙi, na koyi zagi da harshe huɗu, na ci abincin da ban san sunansa ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji daɗi ba, na ji. Amma akwai wani lokaci da ban taɓa sabawa da shi ba, wato gab da magariba, in muna ratsa ƙauye, hayaƙi na tashi daga kowane gida, ƙamshin daddawa na biyo iska har saman lodi. A nan bakina ke mutuwa. Barma ya leƙo ya ce, “Kai, aku, an yanka ka ne?” In ce masa ƙura ce ta shiga mini maƙogwaro. Miyar kukar Inna nake ji a harshena, da ɗan ƙaurin da tuwonta ke yi a gindin tukunya, da muryar Baba yana gaya wa bango abu biyar. Hajo ta ce mini duk maraicen duniya sai Inna ta zuba tuwona a akushi ta rufe da faifai ta kai zaure, ko ina Agadas. Da safe ta juye wa kaji. Kajin gidanmu suka yi ƙiba har ba sa iya gudun shaho.

In mota ta biyo ta Matameye ina shiga in gaishe shi. In ajiye sukari da sabulu, ya ce “an gode” kamar yadda ake ce wa baƙo, ya tura wa Hajo da ƙafa. Akushin na nan a gefe, ina jin ƙamshinsa, shi ma ya san ina ji. Ba ya cewa ci, ni ma ba na kallon wajen. Sai Barma ya danna odar mota daga tasha, in tashi. Kullum a raina cewa nake, bari in zama direba tukuna, in zo da motata har ƙofar gida, sannan in zauna in ci tuwon nan a matsayin baƙo mai daraja, ba ɗan gandu ba. Tuwo ai ba ya gudu.

Wata damina, ta uku bayan shari'ar, muka fito za mu Kano ba mu tsaya ba. Ina saman lodi, muna wuce gamanata, sai na hango mutum sunkuye a ciki yana noma. Gero ya yi kore shar. Na ce a raina, madalla, tsoho ya haƙura ya haɗe ta da gandu. Da ya ji ƙugin mota sai ya miƙe a hankali, yana dafe da ƙugu. Ya gane ni. Bai yi murmushi ba, bai kira ba, dama da wane suna zai kira? Hannu kawai ya ɗaga, yatsu huɗu a lanƙwashe, babban a tsaye. Na miƙe a kan buhuna na ware murya.

“Baɗi, Baba! Baɗi in Allah ya so!”

Ban sani ba ko ya ji, injin Barma ya fi ni baki. Ina kallonsa da hannu a sama har hanya ta karya.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, hatsi bai yi ba. Bayan kaka ina Kano muna jiran lodi, wani mai goro ɗan garinmu ya same ni a tasha, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ciwon haƙarƙari ne, bai yi mako a kwance ba. Kafin in iso har an yi sadakar bakwai.

Hajo ce ta ja ni bayan gida. Sadaki na nan a turkensa, ya zama ƙato kamar giwa, ƙaho ya yi baka. Kusa da shi ga wani ɗan rumbu da ban sani ba, an liƙe bakinsa da laka. Ta ce in fasa. Na fasa. Dammunan gero ne har baki, na bana a sama, na bara da na bara waccan a ƙasa. Ashe bai haɗe gamanar da gandu ba. A kwanakin da ke nawa yake zuwa ya noma ta, shi kaɗai, bayan ya gama nasa, ya ɗaure abin da ta ba da daban, ya zuba a nan. Shekarar nan gidanmu sau ɗaya ake ɗora tukunya, ana haɗawa da tafasa da yaɗiya, amma ya ce hatsin gamana na mai gamana ne. Mahauta sun yi ta zarya a kan san, da ciwo ya kama shi maƙwabta suka ce a sayar a kai shi likita Damagaram. Ya ƙi. Abin da ya yi kawai, ya sa aka kira mutum biyu ya ce su shaida, san nan da rumbun nan ba gado ba ne, ya riga ya ba yaron nan.

Sadaki shi ya auro uwarku. Ranar ɗaurin aure ban ɗauki goro ba, ƙanen Baba ya ɗauka, da liman ya tambaya ya ce, “Mati ne ya biya.” Da geron rumbun aka yi tuwon biki, na zauna a zauren nan na ci har na kasa tashi, ban bar ko loma ba. Kada ku ce tuba nake yi. Ban yi laifi ba, alƙali ma ya faɗa, kuma bayan biki na koma mota, da ita na ciyar da ku. Da za a maido shekarar, zan sake hawa kamiyon Barma. Sai dai zan tsaya in wanke hannu in ci tuwon kafin in hau, ko da zai sa in yi masa noman safiya ɗaya. Yanzu ina da geron da zan ci har in mutu, amma babu wanda zai ajiye mini akushi ya juya baya yana gaya wa bango.

Saboda haka, Salisu, buhun nan zai sake hawa mota ran kasuwa mai zuwa. In ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka ba kajin Yamai. Amma kada ka aiko mini da zancen girma da albashi, kada kuma ka ce doka ta sauke mini. Na riga ka faɗin wannan, kuma na ji amsarsa.

Don a ranar da na fasa rumbun nan, da laka a hannuna na shiga wajen Inna. Tana takaba, zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, kaji na kewaye da ita. Raina a ɓace, na tsaya a kanta ina ɗaga murya kamar ina tasha.

“Inna, wannan wace irin wahala ce? Kuna cin ganye ga hatsi a rumbu? Yana kwance ga sa a turke? Ai a gaban duk gari aka yanke, alƙali ya ce babu nauyina a kansa!”

Na jira ta gaya wa kaji. Sai ta sa hannu ta kore su. Ta ɗago kai ta dube ni tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta haife ni.

“Alƙalin ne ya haife ka?”